Tayar Daji Mai Arha: Shawarata Ga 'Yan Uwa Mazauna Kwali

  

Duk shekara idan hadari ya fara haɗowa a watan Afrilu, zancen 'yan uwanmu masu Hilux da Prado da Pajero a nan Kwali yakan koma kan abu guda, wato taya. Wannan ya ce a tafi Zuba, wancan ya ce Apo ta fi sauƙi, wani kuma ya ce a bari sai an je gida a duba Ƙofar Ruwa a Kano. Tambayar kowa dai ɗaya ce: wace taya ce mai arha da za ta shiga daji ta fito? Da yake an sha yi mini wannan tambaya, na ga ya kamata in zauna in faɗi ra'ayina filla-filla, wanda ya ga da gyara ya gyara.

Ra'ayin nawa a taƙaice shi ne: ga yawancinmu mazauna wannan yanki, taya mafi arha ita ce sabuwa dal, mai matsakaicin zane, daga kamfani mai matsakaicin farashi, wadda ba ta daɗe a ajiye ba. Ta fi Beljiyam mai babban suna, ta kuma fi mai manyan haƙoran nan da ake saya don a burge mutane. Ga dalilaina.

Hanyoyi biyu muke bi

Kafin mutum ya tambayi farashi, ya fara tambayar kansa inda motarsa take kwana da inda take yini. Mu da muka zo daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato ko Maradi, yawancinmu noma ne ko fataucin hatsi da doya ya zaunar da mu a nan. Saboda haka motarmu hanya biyu take bi. Ta farko ita ce babbar kwaltar Abuja zuwa Lokoja, wadda ta ratsa ta Gwagwalada da Kwali da Yangoji har Abaji. Ta biyu ita ce wadda ake sauka a bi zuwa gonaki da ƙauyukan wajen Pai, Dafa, Kilankwa, Ashara, Wako, Yebu da sauransu. Ko inda aka zuba kwalta har cikin gari, da ka nufi gona sai burji da turba.

Ƙasar nan kuwa ba irin tamu ta gida ba ce. A Daura ko Maradi yashi ne ke kama mota, ruwa na ɗaukewa ƙasa ta tsotse. Nan kuwa damina takan ɗauki wajen wata shida zuwa bakwai, daga Afrilu har Oktoba, kuma a wurare da dama ƙasar yumɓu ce mai danƙo. Kowa ya san hoton Ladi Kwali da ke bayan takardar Naira 20 tun shekarar 2007, tana ginin tukunya. To, irin yumɓun da ya yi wa garin nan suna a duniya, shi ne ke cike zanen taya a watan Agusta har ta koma sumul kamar gindin tulu, mota ta tsaya tana ta juya ƙafa a wuri ɗaya.

Sai dai fa idan mutum ya yi wa kansa adalci ya lissafa, zai ga mafi yawan kilomitocin da yake ci a shekara a kan kwalta yake cin su. Zuwa gona kilomita 15 ne ko 20 a cikin laka, amma zuwa Dei-Dei da kaya, ko tafiya gida da iyali lokacin Sallah, tafiya ce mai nisa. Daga nan zuwa Kano kawai ya haura kilomita 400, a kan kwalta mai zafi, mota cike da mutane da tsaraba. Tayar da za mu saya dole ta iya hanyoyin nan biyu, kuma wadda ta fi haɗari a cikinsu ita ce kwaltar. Laka ɓata lokaci take yi, kwalta kuwa rai take ɗauka.

Haruffan da ke jikin taya

Tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku ne, kuma an rubuta a jikin yawancinsu. Akwai mai H/T, wadda aka yi domin kwalta: ba ta ƙara, ba ta shan mai, tana daɗewa, amma a laka ba ta da kataɓus. Akwai mai M/T, wadda aka yi domin taɓo: haƙoranta manya ne masu faɗin tsakani, suna watsar da laka da kansu yayin da take juyawa. Sai ta tsakiya mai A/T, wadda aka yi domin ta taɓa nan ta taɓa can.

Matasanmu sun fi son M/T, kuma ban ga laifinsu ba, domin tana yi wa mota kwarjini. Amma a kan kwalta kuka take yi kamar jirgi, ta fi nauyi, ta fi shan mai, tana saurin cinyewa, sannan idan an yi ruwa birkinta bai kai na sauran biyun kamawa ba, saboda robar da ke taɓa titi kaɗan ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk abin da zai ƙara wa mota shan mai ya zama abin dubawa. Wanda ya sayi M/T alhali sau biyu a mako yake shiga daji, kullum yana biyan kuɗin laka a gidan mai.

Ban ce ba ta da masu ita ba. Wanda gonarsa ke fadama can wajen kogin Gurara, wanda kullum sai ya tsallake rafi ya kwaso ma'aikata ko ya fito da shinkafa a tsakiyar damina, wannan M/T ce tasa, kuma kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma irinsu ba su da yawa a cikinmu. Saura A/T ta ishe mu, daidai ruwa daidai tsaki.

Lissafin Beljiyam

Yanzu ga inda muka fi samun saɓani da 'yan uwa. Da yawa suna cewa gara tsohuwar Michelin ko Bridgestone da ta fito daga Turai da sabuwar da ba a san sunanta ba. Maganar tana da tushe, domin waɗannan kamfanoni ba sa wasa da aikinsu. Amma a zo a yi lissafi da hankali.

Abin da kake saya a jikin taya shi ne zurfin zanenta. Sabuwar A/T takan zo da zane mai zurfin wajen milimita 10, wasu ma sun fi haka. Iyakar da aka yarda da ita a ƙasashe da yawa ita ce milimita 1.6, kuma akwai 'yan ƙananan tudu a cikin ramin zanen da ke nuna an kai wannan iyaka. Ke nan a sabuwa kana da milimita 8 da 'yan kai da za ka ci. Idan aka kawo maka Beljiyam mai sauran milimita 5, abin da ya rage maka bai kai 3 da rabi ba, wato bai kai rabin na sabuwa ba. In ka biya rabin kuɗin sabuwa, wa aka yi wa arha? Kuma wannan lissafin kwalta ne. A cikin laka, tayar da zanenta ya koma milimita 4 ko 5 ta riga ta gama aiki, sai dai a yi ta turi.

Auna zane ba ya buƙatar na'ura. Tsinken ashana ya isa: ka zura shi cikin ramin zanen, ka riƙe da farce, ka ɗora a kan rula. Ka auna gefen ciki da tsakiya da gefen waje, domin tayar da ta ci gefe ɗaya tana gaya maka irin wahalar da ta sha.

Bayan zane akwai shekaru. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, tana bushewa ta yi tsaga. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin shekarar 2000, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato 'yan Rod Sefti, ta daɗe tana wa'azin cewa shekara huɗu ce wa'adin taya daga ranar da aka yi ta. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa ita ce bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta na nan. Ko wanne ka ɗauka a cikin biyun, yawancin abin da ake jibgewa a kasuwa da sunan Beljiyam ya riga ya ci rabin rayuwarsa ko fiye.

Sannan a tuna Bature bai cire tayarsa don yana ƙaunarmu ba. Wata ta kai iyakar dokarsu, wata ta daki wani abu wayoyin cikinta sun karye ba a gani daga waje, wata kuma tayar hunturu ce, an yi ta da roba mai laushi domin ƙanƙara da sanyin da bai kai digiri 7 ba. Ka ɗauko irin wannan ka ɗora ta a kan kwaltar Gwagwalada a watan Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 35 a inuwa, me kake tsammani? Duk wadda ka ga an rubuta Winter a jikinta, ka bar wa mai ita. Akwai kuma masu sake yanka zane da wuƙa mai zafi, da masu shafa baƙin mai don tsohuwa ta yi ƙyalli, da masu goge lambar shekara. Ga shi dama tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su, saboda haka duk wadda ka gani ta bayan gida ta shigo, babu wanda zai tsaya maka idan ta ba ka kunya.

Wanda yake ganin zancen fashewar taya wasa ne ya tuna ranar 6 ga Maris, 2016. A ranar ce Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta jif ɗinsu ta yi bindiga ana cikin gudu. Mota ce babba, mai tsada. Hanyar kuwa ita ce dai wadda muke bi da 'ya'yanmu duk Sallah. Mota mai tsayi irin tamu ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan tayar baya ta fashe, balle an ɗora kaya a sama.

Sabuwar ma sai an duba

Kada wani ya ɗauka da an ce sabuwa shi ke nan. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina yin taya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar motar da muke hawa daga waje take zuwa. Shi ya sa da Naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yunin 2023, farashin taya ya tashi tare da Dala. Shi ya sa kuma wasu 'yan kasuwa ke cusa taya uku ko huɗu a cikin guda don su rage kuɗin kwantena da na haraji. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan. Tayar da aka lanƙwasa aka danna cikin 'yar uwarta, wayar bakinta ta riga ta sami rauni tun ba ta taɓa ƙasa ba. Don haka ka sa hannu ka shafa bakin tayar ta ciki, ka mirgina ta a ƙasa ka gani. In bakin ya karkace ko akwai alamar lanƙwasa, ka wuce, kome kyan ledarta.

Game da suna, kasuwar hawa uku ce. A sama akwai irin su BFGoodrich, Bridgestone Dueler, Yokohama Geolandar da Dunlop Grandtrek. Wanda Allah Ya hore masa ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. A tsakiya akwai Maxxis ta Taiwan, Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, da GT Radial. Sai manyan kamfanonin Sin irin su Sailun, Linglong, Triangle da Westlake, waɗanda masana'antu ne na gaske masu sayar da kaya a ƙasashe da yawa. Mai neman sauƙi ya tsaya a hawa na biyu ko na uku. Abin da nake tsoro shi ne wadda sunanta ko mai shagon bai iya faɗa ba, wadda bana akwai ta baɗi babu. Ko ba komai, idan guda ta lalace ba za ka sami 'yar uwarta ba.

Lodi, girma da iska

Mu mutanen lodi ne, kada mu ɓoye wa juna. Hilux ɗin da aka ce ta ɗauki abin da bai wuce tan guda ba, mukan ɗora mata ƙwaryar doya da buhunan masara, yara kuma su hau sama. To, a bayan lambar girman taya akwai wata lamba da harafi, misali 265/65 R17 112S. Wannan 112 tana nufin tayar guda za ta ɗauki kilo 1,120, harafin S kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 180 a awa. Mai lamba 100 kilo 800 kawai take ɗauka. Kada ka sayi wadda lambarta ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Mai ɗaukar kaya kullum ya nemi wadda aka rubuta LT ko C a jikin lambarta, mai 8PR ko 10PR. Gefenta ya fi kauri, kuma a hanyar gona gefen taya ne kututture da dutse ke yagawa. Hujin tsakiya mai faci zai toshe, amma yagewar gefe ba ta da magani, ko an ɗinke ta ba ta kwalta ba ce kuma.

Girma kuma a bar shi yadda kamfani ya sa. Ƙara faɗi da tsayi yana ƙara shan mai, yana sa agogon gudu ya yi maka ƙarya, yana kuma gajiyar da ƙafafun mota. Masu sa rim mai inci 20 da siririyar roba sun yi wa motar kwalliyar Maitama ne, ramin farko a hanyar gona zai lanƙwasa rim ɗin. A daji rim 16 ko 17 mai roba mai tsayi shi ne daidai. Ku dubi tsofaffin Land Cruiser masu siririyar taya 7.50 R16, yadda suke yanka laka su taɓo ƙasa mai ƙarfi a inda mai faffaɗar taya ke ta santsi a sama.

Sai iska, wadda ita ce ta fi kome arha kuma ita muka fi sakaci da ita. Yawancin masu faci da bugun hannu suke aunawa, ko da geji wanda ya daɗe da mutuwa. Ka sayi naka geji ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin tayar ta yi zafi, ka bi abin da ke rubuce a jikin ƙofa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke ɗaukar zafi a doguwar tafiya har ta yi bindiga. Rage iska kaɗan yana taimakawa a yashi ko laka, gaskiya ne, amma da sharaɗin kana da famfon da za ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. In ba ka da shi, bar ta yadda take.

In kuɗin huɗu bai samu ba

Na san abin da wasu za su ce: Malam, duk mun ji, amma ina kuɗin taya huɗu a lokaci guda? Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ke tura mutane wajen Beljiyam. Ga abin da nake gani.

Mai Hilux ko wata motar da sai an sa mata giyar fowil take ja da ƙafa huɗu, yana iya sayen biyu yanzu, biyu bayan kaka. Sababbin a sa su a baya, domin idan baya ta kwace a kan jiƙaƙƙiyar kwalta sitiyari ba ya ceto. Biyun da ke layi ɗaya su zama iri ɗaya, girma ɗaya. Amma mai Prado ko babbar Land Cruiser, wadda kullum ƙafa huɗu ke ja, ya yi ƙoƙari huɗun su zama iri ɗaya kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna, domin bambancin tsayin taya yana wahalar da akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, gyaransa kuwa ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

Sannan mu da muke yin adashi don biki da suna, me zai hana mu yi na taya? Mutum biyar ko shida masu mota iri ɗaya su haɗa kuɗi bayan an sayar da amfanin gona, su tafi wajen babban dila su sayi ashirin a tare. Farashin sari daban yake da na ɗai-ɗai, za a ba su rasit, kuma wanda ya fi iya karanta lamba a cikinsu zai duba wa kowa. Lokacin saye ma yana da muhimmanci: a saya da rani kuɗi na hannu, kada a bari sai mota ta kafe a watan Yuli a sayi duk abin da aka samu a bakin hanya.

Kada kuma a manta da safaya. Sau da yawa za ka ga mota da tayoyi huɗu masu kyau, ta biyar kuwa sanƙo ce ko babu iska, ko ma girmanta daban. A wannan zamani da tsaro ya zama abin da ya zama, ba wanda yake so magariba ta same shi a dajin da babu sabis yana jiran mai acaba ya kai taya faci. Safaya mai lafiya, jak mai aiki, sifana, da ɗan katakon da za a ɗora jak a kansa a cikin laka, waɗannan su ma cikin kuɗin taya suke.

Wanda duk da haka ya ga ba shi da hanya sai tsohuwa, to aƙalla ya duba shekara, ya auna zane, ya sa a cire ta daga rim ya leƙa cikinta ko akwai faci a gefe ko kumburi, sannan ya ɗauke ta a matsayin ta zuwa gona a hankali. Kada ya ɗebi iyali a kanta ya nufi Kaduna.

Mun baro garuruwanmu ne don mu nemi halali mu koma da shi, kuma akwai masu jiranmu a can. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa a kan taya sai in ce wani lokacin ko gida ba ta kaiwa. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sada mu da iyalanmu lafiya.